Muhawara: Baƙaƙen Afirka ta Kudu sun ci yaƙin wariyar launin fata kuwa, ko rabi suka ci?

Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gareni ga masu karatun tarihi a cikinmu. Kullum ana kawo mana Afirka ta Kudu a matsayin inda gwagwarmaya ta yi nasara, wai an kayar da mulkin wariyar launin fata, Mandela ya fito daga kurkuku ya zama shugaban ƙasa, shikenan kowa ya tafa. To amma binciken mallakar filaye da gwamnatinsu da kanta ta yi a 2017 ya nuna kashi 72 cikin 100 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na turawa ne, alhali turawan nan ba su kai kashi 10 na jama'ar ƙasar ba. To wai me aka ci? Ni dai a ganina kujerar mulki aka miƙa musu aka riƙe ƙasa da dukiya.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Nasiru kafin ka ce ba a ci komai ba, ka fara sanin abin da aka rushe tukunna. Daga 1948 da jam'iyyar National Party ta hau mulki, doka ce ke faɗa maka ko kai waye, a ina za ka kwana, wa za ka aura, wace makaranta ɗanka zai shiga, har bencin da za ka zauna a tashar jirgi. A 1950 suka yi dokar yi wa kowa rajista da launinsa, in an yi shakkar mutum har fensir ake cusa masa a gashi, in ya maƙale to ba bature ba ne, a haka aka raba 'yan uwa ciki ɗaya. Baƙar fata kuwa dole ya riƙa yawo da littafin fas a aljihu, hotonsa da sa hannun ubangidansa na ciki, in ba shi da izini ba zai wuce awa 72 a cikin birni ba, ɗan sanda ya tsare ka a titi ka laluba aljihu babu, to sai bayan kanta, ko da ka manta shi ne a wata rigar. Unguwar Sophiatown a 1955 da motocin rusau aka zo aka kwashe mutane, aka gina wa turawa gidaje a wurin. District Six a Cape Town wajen mutum 60,000 aka tasa. Daga baya ma suka ce baƙaƙen fata ba 'yan ƙasa ba ne kwata-kwata, kowa ya koma yankin ƙabilarsa, suka yanka wasu ƙananan yankuna irin su Transkei da Ciskei suka ce wai ƙasashe ne masu 'yanci, ba wanda ya amince da su a duniya sai su da suka ƙirƙira. Duk wannan babu shi yau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ƙanina.

Nasiru:
Malam ban ce ba a sha wuya ba. Cewa na yi wuyar ba ta biya ba.

Anti Zainab:
Ni abin da ke ba ni haushi in ana wannan zancen shi ne kowa Mandela Mandela, sai ka ce shi kaɗai ya yi. Ranar 9 ga Agusta 1956 mata wajen 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria kan ba za su ɗauki fas ba, su Lilian Ngoyi da Helen Joseph da Rahima Moosa da Sophia Williams a gaba, baƙa da baturiya da 'yar asalin Indiya da ruwa biyu, wasu da goyo a baya, suka jibge takardun koke a ƙofar ofishin firaminista shi kuma bai ma fito ba, suka tsaya shiru na rabin awa sannan suka watse. Yau ranar hutu ce a ƙasar. Amma gsky in za a faɗi gaskiya ba su hana komai ba a lokacin, fas ɗin nan sai da aka ɗora wa mata shi.

Kwamared Sani:
Yawwa Anti, kin kawo ni inda nake so. Lallami bai taɓa ba su komai ba. ANC, jam'iyyar su Mandela, tun 1912 aka kafa ta, shekara kusan 50 suna rubuta koke suna tura wakilai Ingila suna sa kwat da nektai. A 1952 suka yi gangamin karya doka da gangan, mutum sama da 8,000 suka miƙa kansu aka kama, doka nawa aka soke? Ko ɗaya. Sai ma aka ƙaro sabuwar doka mai hukuncin bulala. Sannan Sharpeville, 21 ga Maris 1960, mutane sun je ofishin 'yan sanda hannu rabbana su ce ga mu ba fas ku kama mu, aka buɗe musu wuta aka kashe 69, yawancinsu a baya harsashi ya same su suna gudu. Bayan nan aka haramta ANC da PAC ta su Robert Sobukwe wadda ma ita ce ta kira zanga-zangar. Shi ya sa Mandela da kansa ya ɗauki makami a 1961 suka kafa Umkhonto we Sizwe, rundunar yaƙin ANC. Bature bai san Allah ya ba ka haƙuri ba, sai da sojojinsu suka haɗu da na Kyuba da Angola a yaƙin Cuito Cuanavale cikin ƙasar Angola a 1988 suka ga ba riba sannan suka yarda a zauna, Namibiya ta samu 'yanci a 1990.

Malam Habibu:
Kwamared a hankali dai. Gangamin 1952 bai soke doka ba, haka ne, amma shi ya mayar da ANC daga ƙungiyar 'yan boko ƙalilan zuwa mai mambobi wajen 100,000. Batun makami kuma mu faɗi gaskiya, Umkhonto ba ta taɓa kama ko ƙauye ɗaya ta riƙe ba. Ko shekara biyu ba ta yi da kafuwa ba 'yan sanda suka dira gonar Liliesleaf a Rivonia a 1963 suka kwashe shugabannin, 1964 aka yi musu ɗaurin rai da rai, kuma daga nan ƙasar ta yi tsit kusan shekara goma, lokacin ne ma tattalin arzikin turawa ya fi bunƙasa, kamfanonin waje na ta tururuwa. Wannan babbar faɗuwa ce kuma ba a son faɗa. Cuito Cuanavale har gobe masana na musu kan wa ya yi nasara a fagen daga, kowane ɓangare cewa yake shi ne, abin da ba a musu a kai shi ne yaƙin ya yi musu tsada. Abin da ya karya gwamnatin nan a ganina daga cikin gida ya taso, leburori da 'yan makaranta. Yajin aikin Durban na 1973, sai Soweto 16 ga Yuni 1976 da yara suka fito kan ba za a koya musu lissafi da harshen Afrikaans ba aka harbe su, cikinsu har da Hector Pieterson ɗan shekara 12, sai gamayyar UDF a 1983 da ta haɗa ɗaruruwan ƙungiyoyin unguwa da coci da masallaci da ɗalibai, aka daina biyan kuɗin haya, aka ƙaurace wa shagunan turawa, ƙungiyar ƙwadago ta COSATU ta zo a 1985, a 1987 mahaƙa wajen 300,000 suka ajiye aiki sati uku. Ƙasar da baƙaƙe ne ke haƙo zinarenta su dafa abincinta su yi renon 'ya'yanta, in suka ce ba sa yi ai magana ta ƙare.

Kwamared Sani:
Malam yaran Soweton nan da aka harbe, waɗanda suka tsira ina suka nufa? Ba tsallaka iyaka suka yi da dubbansu suka shiga sansanin horo ba? Kar ka raba abin da ba ya rabuwa mana.

Usman Banki:
Ku duka kun manta da kuɗi. A 1985 bankin Chase Manhattan na Amurka ya ƙi sabunta musu bashi, sauran bankuna suka bi, shugaban ƙasar na lokacin P.W. Botha ya yi wani jawabi a watan Agusta da duniya ke jiran ya sanar da sauyi sai ya ɓuge da nuna yatsa yana cika baki, kuɗinsu rand ya faɗi warwas, har gwamnati ta dakatar da biyan wani ɓangare na bashin waje. 1986 majalisar Amurka ta sa musu takunkumi, Reagan ya hau kujerar na ƙi, suka tsallake shi da ƙuri'a. Daga nan ne manyan attajiran turawa suka gane wariya ta daina kawo riba, tun 1985 ma wasu cikinsu suka tafi Zambiya suka gana da su Oliver Tambo, shugaban ANC da ke gudun hijira. Ga kuma katangar Berlin ta faɗi a 1989, barazanar kwaminisanci da suke fakewa da ita ta ƙare. De Klerk, shugaban ƙasar da ya saki Mandela, ba tausayi ne ya kama shi ba, lissafi ya yi.

Baba Alhaji Idi:
Yara ina ta karanta ku. Ku bari tsoho ya sa baki, mu mun ga wannan zamani da idonmu. Najeriya ba ta da iyaka da su amma an lissafa mu cikin ƙasashen sahun gaba. Tun zamanin marigayi Tafawa Balewa aka matsa musu a taron Commonwealth na 1961 har suka fice. A 1976 aka buɗe asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati ana cire mana wani abu a albashi, ɗalibai na ba da kuɗin abincinsu, kuma wallahi ba mu ji ciwo ba don muna jin labarin Soweto a rediyo. Mun ƙaurace wa wasannin Olamfik na 1976 da na Commonwealth na 1978. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP, shi ne ya koma gidajen man AP da kuka taso kuka gani. Marigayi Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, Joe Garba ma haka. Thabo Mbeki, wanda ya gaji Mandela a mulki, a Legas ya zauna yana wakiltar ANC. Ranar 11 ga Fabrairu 1990 da aka saki Mandela bayan shekara 27, manya da furfura na gani suna hawaye. Don haka Nasiru in ka ce ba a ci komai ba, mu ka taɓa mu.

Nasiru:
Allah ya ja kwana Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba raini ba ne. Amma Baba da me suka saka mana?

Bashir Joburg:
Hmm. Bari in shigo tunda ni a nan nake neman abinci. Baba Allah ya saka da alheri amma yawancin matasan nan ba su ma san Najeriya ta yi musu wani abu ba, ba a koya musu. Satumba 2019 da aka yi ta fasa shagunan 'yan ƙasashen waje muna ciki muna jin ihu a titi mun ja ƙofa mun kashe fitila, maƙwabcina ɗan Habasha kayan shagonsa tas aka kwashe har firji, sai da jirgin Air Peace ya zo ya kwashi 'yan Najeriya kyauta. A 2008 mutum sama da 60 aka kashe. Amma in ka zauna da su ka ga inda suke kwana za ka gane daga ina zafin yake fitowa ko da ba ka ba su gaskiya ba. Ku zo ku ga Sandton, unguwar da ta fi ko'ina kuɗi a nahiyar nan, babban titi ɗaya ne tsakaninta da Alexandra inda za ka ga gidajen kwano an jera su ba masaka tsinke, gida da yawa na raba famfo ɗaya da bayi ɗaya. Matar da ke share ofis a Sandton da asuba take fitowa ta bi layin tasi, wanda ke zaune can ƙarshen Soweto kuwa wani kaso mai tsoka na albashinsa a kuɗin mota yake tafiya, saboda an gina unguwannin ne da gangan nesa da gari kuma har yau suna nan inda aka ajiye su. Doka ta tafi, taswirar gari ba ta tafi ba.

Anti Zainab:
Allah sarki Bashir, Allah ya tsare ku. Amma tsakani da Allah ba a yi musu komai ba tun 1994?

Bashir Joburg:
An yi Anti, ƙarya ne a ce ba a yi ba. An gina ƙananan gidaje miliyoyi an raba kyauta, an ja wuta da ruwa zuwa unguwannin da da can kyandir da kananzir suka sani, tsofaffi da yara na karɓar kuɗin tallafi duk wata, kuma akwai baƙi masu kuɗi na gaske yanzu, likitoci lauyoyi manajoji, suna zaune a unguwannin da iyayensu sai da fas suke shiga su yi wanki. Kotunsu kuma na aiki wlh, tsohon shugaban ƙasa Zuma sai da aka kai shi gidan yari a 2021 don ya raina kotu. Matsalar ita ce rashin aiki, kusan mutum ɗaya cikin uku ba shi da aikin yi, matasa kuwa abin ya fi haka muni.

Kwamared Sani:
To ai ga shi nan. A teburin sulhu aka sayar da su. An yarda ma'aikatan tsohuwar gwamnati su riƙe aikinsu da fanshonsu, an sa kariyar dukiya a sashe na 25 na tsarin mulki, fili kuma sai mai shi ya ga dama ya sayar gwamnati ta saya da farashin kasuwa, wato ɓarawo ka biya shi kafin ya dawo maka da kayanka. ANC ta yi alkawarin mayar da kashi 30 na gonaki cikin shekara biyar, har yau ba a cika ba. Yarjejeniyar 'yanci ta 1955 da suka rubuta a Kliptown cewa ta yi ma'adinai da bankuna za su koma hannun jama'a, ina maganar ta kwana? 1996 suka rungumi tsarin jari hujja suka yi shiru.

Malam Habibu:
Kwamared sulhu ake ce masa don ba wanda ya kayar da wani. Sojoji da 'yan sanda da bankuna duk suna hannun turawa a 1990, da me ANC za ta tilasta musu? Kuma ka tuna halin da ake ciki, tsakanin 1990 da 1994 mutum wajen 14,000 suka mutu a rikicin siyasa, mafi yawa tsakanin magoya bayan ANC da na Inkatha ta Buthelezi, kuma daga baya ta tabbata jami'an tsaro na ba Inkatha kuɗi da makamai. Afrilu 1993 aka harbe Chris Hani, jigo a ANC, a ƙofar gidansa, ƙasar saura ƙiris ta kama da wuta, Mandela ne ya fito a talabijin ya kwantar da mutane tun bai zama shugaba ba. Wanda ke zaune a wannan teburin yana kallon abin da yaƙin basasa ya yi wa Angola da Mozambik a maƙwabta, ba zan zarge shi don ya ce da babu gara ba daɗi ba. Inda zan zarge su shi ne bayan sun hau. Ba bature ne ya sa su wawure kamfanin wuta da na jiragen ƙasa ba, kwamitin binciken alƙali Zondo ya tona wannan dalla-dalla.

Ustaz Mukhtar:
Ni ɓangaren adalci ne ya fi tsaya min a rai. Mutane da yawa a nan ba su san Imam Abdullahi Haron ba, limami ne a Cape Town da ke taimakon iyalan waɗanda aka ɗaure, aka tsare shi kwana 123 ba shari'a, ya rasu a hannunsu a Satumba 1969 suka ce wai daga matakala ya faɗo. Sai 2023 kotu ta soke wancan hukunci ta ce azabtarwa ce ta kashe shi, shekara 54, waɗanda suka yi duk sun mutu a gadajensu. Steve Biko, jagoran ɗalibai ɗan gwagwarmaya, 1977 an fasa masa kai aka jefa shi tsirara a bayan mota aka yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria ya cika a can, 'yan sandan sun nemi afuwa a kwamitin gaskiya da sulhu na Desmond Tutu an hana su, amma ko ɗaya bai kwana gidan yari ba. Botha ƙin zuwa gaban kwamitin ma ya yi. Waɗanda aka zalunta kuma rand 30,000 aka ba kowa sau ɗaya. Yafiya abu ne mai kyau amma mai haƙƙi ne ke yafewa, ba gwamnati ce za ta yafe a madadinsa ba.

Anti Zainab:
Gaskiya ne Ustaz, sai dai kwamitin ya yi rana ta wani wajen, iyaye da yawa a nan suka fara sanin inda aka binne 'ya'yansu, kuma ba baturen da zai sake cewa bai san an yi ba. Kuma bai ƙyale ANC ba, ya faɗi azabtarwar da suka yi wa nasu mutanen a sansanoninsu na Angola, da abin nan da aka riƙa yi a unguwanni a shekarun 1980 na rataya wa wanda ake zargi ɗan leƙen asiri ne taya a wuya a zuba fetur a kunna. Wasu ba su ji ba ba su gani ba. Ga kuma yaran da aka ce su bar aji sai an samu 'yanci, suka girma ba takarda ba sana'a. Masu gwagwarmaya ma suna da nasu kason a cikin abin da ya lalace.

Sadiq:
Ni dai har yau ban yafe kofin Afirka na 1996 ba, muna riƙe da kofi Abacha ya hana mu zuwa don Mandela ya caccake shi kan rataye su Ken Saro-Wiwa, suka ɗauka a gidansu a banza 😂

Anti Zainab:
Kai Sadiq ana maganar rayuka kana maganar ƙwallo.

Nasiru:
Malam Habibu na ji bayaninka kan sulhu kuma akwai hujja a ciki. Amma ga Marikana. 16 ga Agusta 2012, mahaƙan kamfanin Lonmin na yajin aiki suna neman albashin rand 12,500, 'yan sanda suka harbe 34 a rana ɗaya, a ƙarƙashin gwamnatin ANC, kuma Ramaphosa, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, da ya jagoranci yajin mahaƙa na 1987 a lokacin yana cikin daraktocin kamfanin. In ka nuna wa mutum hoton ba ka faɗa masa shekara ba zai ce maka 1960 ne.

Malam Habibu:
Marikana ba ni da abin da zan kare a ciki. Bambanci ɗaya da zan nuna maka shi ne wanda aka harba a 1960 ba shi da ƙuri'a, 'ya'yan na 2012 suna da ita kuma sun fara amfani da ita. ANC da ta samu kusan kashi 63 a zaɓen 27 ga Afrilu 1994, a 2024 kashi 40 ta tashi da shi, dole ta shiga gwamnatin haɗaka.

Kwamared Sani:
Haɗaka da wa Malam? Da DA, jam'iyyar da mafi yawan turawa ke zaɓa. To wa zai taɓa gonakin kenan?

Usman Banki:
Ramaphosa ya sa hannu a dokar karɓe filaye a Janairu 2025, wadda a wasu yanayi ƙalilan ta yarda a karɓa ba diyya, kun ga dai yadda Trump ya taso musu har da yanke tallafi. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba, dokar maido da filaye daga 1913 ta fara lissafi, duk abin da aka ƙwace kafin nan ba ya ciki, alhali dokar 1913 ɗin ta zo ne ta tabbatar da ƙwacen da an riga an yi, ta bar wa baƙi wajen kashi 7 na ƙasar, 1936 aka ƙara zuwa kashi 13. Sannan da yawa cikin waɗanda suka ci ƙararsu kuɗi suka karɓa ba fili ba, don jikan wanda aka kora daga gona yanzu ɗan birni ne, aiki yake nema ba garma ba.

Nasiru:
To ko kuɗin ne ai sai a ba su daidai darajar abin da aka ƙwace. Bashir kai da ke can, su mutanen Alexandra ɗin in ka tambaye su fili suke so ko aiki?

Bashir Joburg:
Fili suke so mana, amma ba gona ba, fulotin da za su yi gini kusa da inda aiki yake. Shi ya sa kullum ake rigima da masu kafa rumfunan kwano a filayen da ba kowa a gefen gari, hukuma ta rushe da safe su sake kafawa da daddare. Bari in je in rufe shago magariba ta yi a nan, in na dawo zan turo muku hoton titin da nake faɗa ku gani da idonku.